Gada Mai Baka Goma a Birnin Amman: Ragowar Jirgin Alhazai na Hijaz

 A wannan fitowa muna so mu kai ku ƙasar Urdun, wadda gidajen rediyo ke kira Jodan, domin mu duba wani gini na dutse da ya haura shekara 120 yana tsaye. Gada ce ta jirgin ƙasa, irin doguwar nan da ake ɗorawa bisa kwari mai zurfi, wadda Faransawa ke kira viaduc. Larabawan Amman suna ce mata al-Jusur al-Ashara, wato gadoji goma, saboda bakuna goma da ke jere a samanta. Mun zaɓi mu yi magana a kanta ne domin da kuɗin Musulmin duniya aka gina ta, domin alhazai, kuma har yau hukumar ƙasar tana lissafa ta cikin dukiyar waƙafi. Saboda haka duk wanda ya taɓa sa hannu cikin ginin masallaci, makaranta ko rijiya a garinsu, zai sami abin dubawa a cikin labarinta.

Inda gadar take

Birnin Amman a kan tuddai yake, kwaruruka kuma sun ratsa shi ta ko'ina. Tsohuwar tashar jirgi tana gabashin birni, a cikin kwari, a unguwar da ta ci sunan tashar, wato Mahatta. Daga nan jirgin da ya nufi kudu dole ne ya hau tudu mai nisa kafin ya kai shimfiɗaɗɗen filin da ke miƙewa zuwa Ma'an. Jirgin ƙasa kuwa ba ya hawa tsaye kamar mota, domin ƙafafunsa na ƙarfe a kan dogon ƙarfe suke gudu, idan gangaren ya yi tsanani sai su zame. Wannan ya sa injiniyoyi suka bi da layin a karkace, yana lauje yana hawa sannu a hankali, har ya iso wani kwari a yankin Ƙuwaisima inda babu hanyar kewayewa. A nan aka gina gadar, a kusa da ita kuma aka huda dutse aka yi wa jirgin hanya ta cikinsa.

A shekarar 2023 Allah Ya nufe mu da ziyartar wurin. Abin da ya fara ɗaukar hankalinmu shi ne gadar hawa biyu ce: akwai jerin bakuna a ƙasa, sannan bakuna goma a bisansu, dogon jirgi kuma yana shimfiɗe a can sama. Dutsen ginin fari ne mai ɗan ja-ja, irin wanda aka gina akasarin gidajen Amman da shi. A zamanin da aka yi ta wurin daji ne, babu kowa sai makiyaya. Yau gari ya cim mata ya wuce, gidaje sun hau tuddan da ke kewaye da ita, babban titi kuma ya bi ta ƙarƙashinta, motoci na shiga ta cikin bakunan dare da rana. Ba ta da nisa da al-Rajib, inda kogon nan yake wanda mutanen ƙasar ke cewa shi ne na Ashabul Kahfi, don haka mai ziyara yana iya haɗa wuraren biyu a yini ɗaya.

Dalilin shimfiɗa layin

Kafin zuwan jirgi, ayarin alhazan Sham yakan tashi daga Dimashƙa bisa raƙuma, ya yi kimanin kwana 40 kafin ya ga Madina. A hanya akwai ƙishirwa, akwai annoba, akwai kuma mahara, har sai da gwamnati ta riƙa biyan ƙabilun hanya kuɗi kowace shekara domin su bar ayari ya wuce lafiya. Sarkin Santambul, Sultan Abdulhamid na biyu, shugaban Daular Usmaniyya ta Turkawa, ya yi shelar zai shimfiɗa dogo daga Dimashƙa zuwa Madina da Makka. Babban wanda ya tsaya wa aikin a fada shi ne sakatarensa, Ahmad Izzat Pasha al-Abid, mutumin Dimashƙa. An soma aiki ranar 1 ga Satumba 1900, daidai da shekarar 1318 ta Hijira.

Gaskiya ne cewa Sultan yana da wata manufa bayan ta aikin hajji. Yana so ya iya kai soja Hijaz da Yaman ba tare da ya bi ta mashigin Suwez ba, wanda ke hannun Turawan Ingila, yana kuma so Musulmin duniya su ga halifancinsa a aikace. Manufofin biyu tare suka tafi tun daga farko, kuma kamar yadda za mu gani, ta sojan ce ta jawo wa layin halaka daga baya.

Kuɗin da aka yi aikin da su

Akasarin sauran layukan dogo na daular kamfanonin Turai ne suka gina su da jarinsu, suka kuma mallake su. Wannan kuwa Sultan ya ce ba za a ci bashin waje a kansa ba. Shi da kansa ya buɗe asusun da lira 50,000. Shah na Farisa ya aiko da gudunmawa, haka ma Musulmin Masar. A Indiya, wani mai jarida a birnin Lahor, Muhammad Insha'ullah, ya yi shekaru yana kira a jaridarsa yana tara kuɗi. An buga lambobin yabo ana bai wa masu bayarwa gwargwadon abin da suka bayar. Masu tarihi sun ƙiyasta cewa gudunmawar ta kai tsakanin rubu'i da sulusin abin da aka kashe. Ragowar ya fito ne daga baitulmali, da wani kan sarki na musamman da aka wajabta liƙawa a takardun hukuma, da abin da aka riƙa yanka daga albashin ma'aikata, wanda ba kowa ne ya bayar da son ransa ba.

Akwai wata hanyar samun kuɗi da za ta yi wa masu karatunmu kama da ta gida: fatun layya. An umarci a riƙa tara fatun dabbobin da aka yanka ran Babbar Salla, a sayar, a zuba kuɗin cikin asusun jirgin. Mu da muka tashi a gidan limanci mun san yadda fatu ke taruwa a ƙofar masallaci da yammacin ranar layya, da yadda yara ke jan su zuwa wurin masu sa gishiri. To, ashe a cikin duwatsun gadar Amman akwai rabon talakan da bai da abin bayarwa sai fatar ragonsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Magina da ginin baka

Babban injiniyan aikin Bajamushe ne, Heinrich Meissner, wanda aka naɗa wa sarautar Pasha. Aikin haƙa da cike da shimfiɗa dogo kuwa dubban sojojin daular ne suka yi shi, a cikin zafin rani da sanyin hunturu, cutar kwalara kuma ta kashe da yawa daga cikinsu. Aikin dutse an ba da shi ga magina na ƙasar Sham tare da waɗansu da aka ɗauko daga Italiya da Girka. Faɗin layin mita 1 ne da santimita 5, wato ya fi na Turai ƙanƙanta, domin a rage kuɗi kuma ya iya lauje a cikin duwatsu. Maimakon katakon da ake gicciyawa ƙarƙashin dogo, an yi amfani da ƙarfe a mafi yawan hanyar, saboda itace ya yi ƙaranci a hamada, wanda aka shimfiɗa kuma yana iya ƙarewa a murhu. Layin ya isa Ma'an a 1904, wanda ke nuna cewa kafin nan an gama gadar Amman, tunda babu wata hanyar zuwa kudu sai ta kanta. Ya isa Tabuka a 1906, al-Ula a 1907. Daga al-Ula zuwa gaba injiniyoyi Musulmi ne kaɗai suka ƙarasa aikin. An yi bikin buɗewa a Madina ranar 1 ga Satumba 1908, shekarar 1326 ta Hijira, bayan an shimfiɗa kimanin kilomita 1,300. Tafiyar kwana 40 ta koma ƙasa da mako guda.

A tsawon hanyar an gina gadoji da kwalbatoci kimanin 2,000, kusan dukansu da dutse. Dalilin a fili yake: ƙarfe sai an sayo shi daga Turai an yi dakonsa, dutse kuwa ga shi nan a gefen hanya, ga kuma farar ƙasa da ake ƙonawa a kwaɓa da yashi.

Hikimar ginin baka ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin maginanmu na gargajiya sun daɗe suna ɗaura bakan gizo a soraye da masallatai da azara da laka. A ginin dutse, da farko kafinta yakan haɗa ƙirar katako mai siffar rabin da'ira tsakanin ginshiƙai biyu. Sai magini ya riƙa jera duwatsun da aka sassaƙa, kowanne mai faɗi a sama da tsukakken gindi, daga dama da hagu a lokaci ɗaya, har su haɗu a tsakiya, inda ake cusa dutsen da ke kulle bakan. Idan kwaɓin ya kama sai a zare katakon. Daga nan duk nauyin da ya hau sama yana matse duwatsun ne da junansu, yana gangarawa ta gefe zuwa ginshiƙai, daga ginshiƙai zuwa ƙasa. Dutse kuwa yana jure matsi ƙwarai, jan tsiya ne ba ya jurewa, kuma a cikin baka babu inda ake jan sa. Kowane baka yana tura maƙwabcinsa, maƙwabcin yana turo shi, sai na ƙarshe ya jingina da jikin tudu. Amfanin jerin ƙasa shi ne ya ɗaure ginshiƙan a tsakiyarsu, domin ginshiƙi mai tsawo idan ya tsaya shi kaɗai yana iya lanƙwasa.

Yadda ta tsira daga yaƙi

Layin bai taɓa isa Makka ba. Ƙabilun da ke cin abinci da hayar raƙuma tsakanin Madina da Makka sun ƙi yarda, Sharif Husaini na Makka bai so sojan Santambul su riƙa iso masa cikin kwanaki kaɗan ba, sannan aka tuɓe Sultan Abdulhamid a 1909. Shekara 6 kacal alhazai suka more shi cikin kwanciyar hankali kafin Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914. Da aka toshe tashoshin ruwa, kwal ya yanke, sai aka koma sarar itatuwa ana ciyar da kan jirgi, har aka ja wani reshe na musamman zuwa dajin da ke kusa da Shaubak domin kwaso itace. Ƙasar Urdun ta yi hasarar dazuzzuka masu yawa a waɗannan shekaru.

A 1916 Sharif Husaini ya yi wa Turkawa tawaye. Mayaƙansa, tare da hafsoshin Ingila irin su Lawrence, suka mai da hankali ga fasa dogo da gadoji domin su yanke sojan Fakhri Pasha da ke tsare da Madina. Amma kwalbati ko ƙaramar gada ana gyara ta cikin kwanaki. Abin da Janar Allenby yake so shi ne a rushe wani abu da zai ɗauki watanni ba a mayar ba, kuma a duk yankin babu kamar gadar Amman da ramin dutsen da ke kusa da ita. A ƙarshen watan Maris 1918 ya aiko da runduna daga kwarin Kogin Urdun, ta sojan ƙasa na Ingila, da mahaya dawaki na Ostireliya da Niyu Zilan, da rundunar raƙuma. Sai aka yi ta ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, hanyoyin duwatsu suka zama taɓo, raƙuma na zamewa, manyan bindigogi suka kasa hawowa. Wannan jinkiri ya bai wa Turkawa da Jamusawa damar ƙaro soja. An yi kwana 4 ana gwabzawa a bakin Amman, maharan suka fasa wani yanki na dogo a kudu, amma ba su kai ga gadar ba, suka juya da hasara mai yawa. Lokacin da garin ya faɗi a hannunsu ranar 25 ga Satumba 1918, ba su da sauran bukatar rushe ta.

Bayan rabuwar daula

Da yaƙi ya ƙare, layin da aka gina domin ya haɗa ƙasashe sai ya tsinci kansa a rarrabe: Faransa na riƙe da na Siriya, Ingila na riƙe da na Falasɗinu da Urdun, na Hijaz kuma ya koma hannun Sa'udiyya. A cikin jirgin nan ne Amir Abdullahi ya iso Ma'an a 1920, ya ƙaraso Amman a 1921, garin da tashar ta raya har ya zama babban birni. Sashen da ke tsakanin Ma'an da Madina ya daina aiki tun cikin shekarun 1920. Taron Musulmi da aka yi a Ƙudus a 1931 ya nemi a mai da layin hannun Musulmi a matsayinsa na waƙafi, bai samu ba. A shekarun 1960 ƙasashen uku sun soma gyara shi, yaƙin 1967 ya tsai da aikin. Zirga-zirgar jirgi tsakanin Urdun da Siriya ta tsaya gaba ɗaya a 2011, lokacin da yaƙin Siriya ya rufe hanya. A 2025 Turkiyya da Siriya da Urdun sun cim ma matsaya ta farko kan farfaɗo da shi. Tsakanin Makka da Madina kuwa, gurbin da Sultan bai iya cikewa ba, sai a 2018 aka buɗe jirgin Haramaini mai gudun tsiya, wanda da yawa daga alhazanmu suka shiga.

Abin da ke bin gadar a lokacin ziyararmu shi ne jirgin yawon buɗe ido da hukumar jirgin Hijaz ta Urdun ke fitarwa daga Mahatta zuwa al-Jiza, kudu da birni. Iyalai ne da ɗalibai ke cika taragun, da abincinsu da gangunansu. A harabar tashar akwai tsofaffin kawunan jirgi masu tururi da aka sayo daga Japan, Jamus, Beljiyam da Ingila a shekarun 1950, hukumar TIKA ta Turkiyya kuma ta taimaka wajen gyaran gine-ginen tashar. Jirgin yana ratsa unguwanni dab da bangon gidaje, yara na ɗaga hannu, sannan ya rage gudu ya hau gadar kamar mai tafiya a ƙasa. Wanda ya leƙa ta taga ba ya ganin dutsen da ke ɗauke da shi, sai rufin motoci a can ƙasa.

Abin da ke kashe gada, da abin da ke raya ta

Masana gini sun haɗu a kan cewa babban abokin gabar gadar dutse shi ne ruwa. Ruwan sama yana sauka a kan tsakuwar da ke ƙarƙashin dogo, ya nutse cikin jikin gadar. Magina sun bar masa ƙananan kafofi da zai fita. Idan ƙura da shara suka toshe su, ruwan yakan kwanta a ciki, ya narkar da farar ƙasar da ke tsakanin duwatsu, a bar su suna goga juna. A Amman ana sanyi har ƙanƙara ta sauka, ruwan da ya daskare a cikin tsaga kuma yana buɗa ta. Sai tsiro: ƙwayar ɓaure da tsuntsu ya yar a cikin tsaga, idan aka bar ta shekara 5, saiwarta tana iya ture dutsen da mutum huɗu ba sa ɗagawa. Sai ambaliya, wadda ke kwashe ƙasar gindin ginshiƙi. A zamanin nan an ƙara da girgizar manyan motoci da hayaƙinsu, da haɗarin wata ta daki ginshiƙi.

Maganin waɗannan duka aiki ne mai arha, amma wanda ba ya ƙarewa: a share kafofin ruwa kafin damina, a tumɓuke tsiro tun yana ƙarami, a ƙwaƙule kwaɓin da ya mutu a sake cusa sabo, a sa alama a kan kowace tsaga a riƙa aunawa ko tana ƙaruwa, a taƙaita gudun jirgi da nauyinsa. Akwai kuskuren da masu gyara da kyakkyawar niyya ke yawan yi, wato su liƙe tsagogin da siminti. Siminti ya fi farin dutse tauri kuma ba ya barin danshi ya fita, don haka ruwan sai ya nemi hanya ta cikin dutsen kansa, fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa. Abin da aka gina da farar ƙasa, da farar ƙasa ake gyara shi. Mutanenmu sun ga irin wannan a masallatan laka da aka shafe da siminti, bango ya ruɓe daga ciki ba a sani ba.

Domin a ga bambanci, a dubi ƴar'uwarta da ke Madina, gadar jirgin da ta ƙetare Wadil Aƙiƙ. Ita jirgi ya daina bin ta tun da daɗewa. Ruwa mai ƙarfi ya lalata ta a 2004, aka rushe ta a 2005. Tashar Madina da ke Anbariyya ta fi ta sa'a, domin an gyara ta an mai da ita gidan tarihi, a 2015 kuma Sa'udiyya ta sa layin cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Gadar Amman ta kai yau ne domin jirgi bai daina hawanta ba, kuma muddin jirgi zai hau da mutane a ciki, dole wani ya je ya duba ta.

Abin da ya shafe mu

Kakanninmu ba ta wannan hanya suka bi zuwa hajji ba. Su ta Chadi da Sudan suka bi, a ƙasa, waɗansu shekara da shekaru, har suka ƙetare Bahar Maliya. Amma darasin gadar namu ne. A garuruwanmu ranar aza harsashin masallaci ko haƙa rijiya ba a rasa masu bayarwa, ranar buɗewa ma ba a rasa taro. Bayan shekara 3 sai a tarar indararo ya karye, ruwa na bin bango, famfo ya tsaya saboda wani ƙaramin ƙarfe, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin. Mai bayarwa ya yi niyyar sadaka mai gudana, amma gudanarta tana rataye ne a kan mai share indararo.

Shawararmu ga rassan ƙungiya guda uku ce. Duk aikin da za a tara wa kuɗi, a ware wani kaso tun farko a ajiye domin gyara, a kuma faɗa wa masu bayarwa haka. A naɗa mutum ɗaya da sunansa wanda zai zagaya ginin kafin faɗuwar damina da bayan ɗaukewarta, ya rubuta abin da ya gani a littafi, a karanta a taro. Sannan daga kuɗin fatun layya na kowace shekara a fara biyan bukatar tsofaffin gine-gine kafin a ɗauko sabo.

Wanda Allah Ya kai shi Amman, ya tambaya a tashar Mahatta ranakun da jirgin ke fita, ya kuma je da yara. Allah Ya jiƙan waɗanda suka bayar da waɗanda suka sassaƙa dutsen, Ya karɓi ayyukanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka bar mana.